Ƙafafun da Na Mayar wa Baffanku

Da sunan Allah nake buɗe bakina, Shi da ya ara mini kwanaki har na kai ga faɗin wannan magana. Ni Kulu, 'yar maƙera, matar mahauci, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Autata Hajara ce ke rubutawa. Na ce mata nawa bayanin ta sa shi da Hausar takarda yadda ta iya, amma maganar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ta bar ta yadda ta fito daga bakinsu. Abin da ya tayar da zancen kuwa, ranar sunan nan da aka yi bayan ƙaramar Salla ina zaune bakin ɗakina na ji ɗaya daga cikin jikokina tana gaya wa 'yar'uwarta cewa ai Kaka da girman kai take a da, ita ce ta mayar wa Baffa Alhaji kyautarsa har ƙofar gida. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, 'ya'yana, a bakinku ta ji, ku ma a bakin dangin ubanku kuka ji. Na mayar ɗin. Amma rabin labarin kuke riƙe da shi, ɗaya rabin yana wurina, kuma ba na so a binne ni da shi.

Abin ya faru ne a shekarar da kuɗi suka sauko wa ƙasar nan kamar ruwan tsakiyar damina. Soja ke mulki. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka haɗa musu da na baya aka ba su a dunƙule, sai ga masinja da rediyo a kafaɗa, ga malamin makaranta da babur. Mutumin da a da sai ranar Juma'a yake sayen ƙashin miya, ya koma aiko da faranti kullum a cika masa da tsoka. Mahauta suka ji daɗin shekarar nan ƙwarai. Mahaifinku yana da teburinsa kusa da na yayansa Alhaji Nomau, wanda kuke kira Baffa, kuma kafin hantsi ya ɗaga ba ya da sauran abin sayarwa. A nan ne ya tara ya sayi akori-kura fara, mai buɗaɗɗen baya, don ya riƙa ɗauko tumaki da 'yan bijimai daga Dundaye da ƙauyukan bayanta, maimakon a koro su da ƙafa su iso a rame. Ranar da aka kawo ta Ƙofar Taramniya, har tsofaffin da ba su fita sai da aka riƙo hannunsu suka zo suka shafa ta.

To, ga inda maganar take da nauyi. Mahaifinsu ya rasu mahaifinku yana ɗan shekara bakwai. Alhaji ne ya goye shi, shi ya fara sa masa wuƙa a hannu, shi ya je neman aurena. Sai ga shi ƙane ya riga yaya sayen mota. Kun san bakin mutane. Aka fara kallon fuskar Alhaji a mahauta, ana jiran a ga ko za ta canja. Shi kuwa mutum ne mai son girma, amma zuciyarsa fara ce game da ƙanensa. Don ya rufe bakin kowa, sai ya aika Kano aka sayo masa ƙafafun mota huɗu, irin waɗanda ba a taɓa gani a unguwarmu ba. Garen ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, wanda makanikai ke kira rim, yana ƙyalli har mutum ya ga haƙoransa a ciki, tayoyin kuma da farin zobe a gefe. A tsakiyar mahauta ya sa aka sauke su, gaban kowa da kowa, ya ce ƙanensa ya sayi doki, shi kuma ya sa masa kofato. Daga ranar ba a ƙara kiran motar da sunan mai ita ba. Ƙafar Alhaji ake ce mata. Idan ta wuce, Alhaji yakan ajiye wuƙa ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Wata biyar ana haka. Kasuwa tana ci, lodi yana ƙaruwa. Motar da aka yi don ɗaukar kaya daidai wa daida, mahaifinku ya sa aka yi mata ƙarin katako a baya, ana jera tumaki sama da ƙasa. An kuma shimfiɗa sabuwar kwalta a hanyar, santsi kamar bayan faranti, mota tana gudu ba ta sani ba. Ran nan da azahar na ji tsayuwarta a ƙofar gida, ba a lokacin da ta saba ba. Ya shigo bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba, ya zauna a kan turmi. Na miƙa masa moɗar ruwa, ya riƙe bai sha ba.

Na ce, “Malam, lahiya?”

Ya ce, “Kulu, yau saura kaɗan in yanka abin da ba a yankawa.”

Sai da ya sha ruwan sannan ya ba ni labari. Ya taso daga Dundaye da lodi, ya kama gangaren da ke sauka zuwa gada. Ya taka birki, ya ji shi kamar ya taka danƙo. Ya sake takawa, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar ba ta ko waiwaya ba. A gabansa kuwa ga wata tsohuwar Bafulatana da ƙwaryar nono a ka, tana tsallaka hanya a hankali. Ya karkatar da kan motar cikin yashin gefe, katakon baya ya ɗauke ƙwaryar daga kan tsohuwar, bai taɓa ko gashinta ba. Ya ce da ya fito, tana tsaye inda take, gammo yana kanta, tana kallonsa, ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Da yamma ya sa aka shigo mini da bokiti, na leƙa zaure na miƙa tsumma, na ga katakon motar fari fat da busasshen nono. Kwana uku bai ci nama ba.

Akwai wani bakanike a Sabon Gari, Bayarabe, dattijo mai yawan salla, ana ce masa Baba Lasisi. Shi mahaifinku ya ɗauko har gida. Ya ɗaga motar, ya ɗora ta a kan bulo, ya cire ƙafafun nan huɗu aka jingine su a zaure. Ina bayan ƙyauren zaure da kwanon fura a hannu, duk abin da suka ce a kunnena. Lasisi ya ce birkin ba lalacewa ya yi ba, ƙanƙanta ya yi. An yi shi don rabin kayan da ake ɗora masa, sai ya yi zafi a gangare, in ya yi zafi kuwa ba ya kamawa. Ya ce ko dai a rage lodi, ko a sa birki irin na babbar mota. Rage lodi ba ya cikin magana, don mahauta huɗu sun riga sun dogara da motar nan. Kashegari sai ga shi da sabon birkin. Wani ƙarfe ne zagayayye mai zurfi, su suna ce masa dram, ni kuwa da na gan shi kasko na kira shi, don ba shi da maraba da kaskon tuyar ƙosai sai nauyi. A cikinsa ne abin da ke kama mota yake gogawa, shi kuma kaskon a cikin rim yake zama. Lasisi ya ɗaura guda ɗaya, ya ɗauko ƙafar Alhaji ya kara. Ta ƙi shiga. Ya juya ta, ya sake karawa. Bakin kaskon ya fi cikin rim ɗin faɗi da abin da bai kai kaurin ɗan yatsa ba.

Lasisi ya ce, “Maigida, babban birki yana son babbar ƙafa. Waɗannan masu kyau ne, amma ba nasa ba ne. Sai ka nemi wasu.”

Mahaifinku ya ce, “Baba, ba ka san ƙahwahun ga ba. Ba a cire su.”

Lasisi ya ce, “Ni ƙarfe na sani. Ƙarfe bai san wanda ya saye shi ba.”

Mahaifinku ya je wurin yayansa, ya zagaya, ya zagaya, ya kawo maganar a hankali. Alhaji bai yi fushi ba, dariya ma ya yi. Tunaninsa na mahauci ne, kuma ban ga laifinsa ba: shekara arba'in in cinya ta fi tire girma, ba tire yake canjawa ba, wuƙa yake sawa ya gyara gefen. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, tunda ɗan yatsa ne kawai ya hana, a kai kaskon maƙera a kankare bayansa har ya shiga. Ya ce ga surukanka nan maƙera, ko kwabo ba za su karɓa ba. Ya faɗi haka a gaban mutane, mutane suka ce wallahi Alhaji ya kawo dabara. Da aka gaya wa Lasisi, ya tattara kayan aikinsa ya ce shi ba da hannunsa ba, in an gama kankarewa a nemi wani ya ɗaura.

Bayan la'asar mahaifinku ya shigo cikin gida rungume da kaskon nan, ya ajiye a gabana, ya ce gobe zai kai wa yayyena a maƙera. Ni kuwa tun ina 'yar shekara shida nake zuga wa babana wuta. Ban san karatu ba, amma na san ƙarfe. Na ɗauki bayan wuƙa na ƙwanƙwasa bakinsa, ya yi amo mai tsawo, na lafiyayyen ƙarfe. Na sa yatsa na auna kaurinsa. Na tuna yadda babana ke jefar da garma in ta sha wasa ta yi siriri, ko da mai ita yana roƙon a ƙara mata wuta, don ya san tana shiga wuta ta fito ta taɓa ruwa za ta tsage.

Na ce, “Malam, wanga ƙarhe wuta shika ci kullum, ko ba haka Baba Lasisi yac ce ba?”

Ya ce, “Haka yac ce.”

Na ce, “To in anka rage mai nama, ran da yay yi zahi bisa gangare, kas shiga ruwan damina da shi, tsagewa za shi yi. Ba shi ba ka sanarwa. Kuma ran nan ba ƙwarya za ka ɗauka ba.”

Ya daɗe yana kallon kaskon. Sannan ya ce, “Yaya yac ce a rage.”

Na ce, “Kai mi kac ce?”

Ya ce, “Kulu, mutumin da yag goye ni? In tuɓe kyautatai gaban mahauta, in ce dabaratai ba ta yi ba? Da wane baki? Ni ba ni iyawa.”

Ku lura da kyau, 'ya'yana. Bai ce ba a iyawa ba. Cewa ya yi shi ba ya iyawa. Shekara goma sha ɗaya muna tare a lokacin, na san inda maganarsa take tsayawa da inda take ci gaba ba da baki ba. In ya kankare ƙarfen, wata rana zai kashe ɗiyan mutane ko ya bar ku marayu. In ya cire ƙafafun da hannunsa, ya tsinka yayansa a kasuwa, kuma irin wannan tsinkawar ba ta ɗinkuwa tsakanin maza. Amma in mace ce ta yi, sai a ce rashin hankalin mata ne, a yi fushi da ita, 'yan'uwa su ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya. Na ɗauko zaren da nake kaɗi, na gitta shi a bakin kaskon, na ƙulla. Na ƙara kaurin yatsana, don na ji Lasisi ya ce sai an bar wa iska hanya, na sake ƙullawa. Na auna tsakanin ramukan noti, su biyar ne, nan ma na ƙulla. Na naɗe zaren na sa a aljihun rigar da zai sa gobe, yana kallona. Sannan na ce ina neman izini, gobe da hantsi ina so in je in gaida Yaya da Inna, wato kakarku, wadda take zaune a gidan Alhaji.

Ya ce, “Ki tahi.” Bai ɗago kai ba.

Da safe ya fita mahauta kamar kullum. Da hantsi na yafa mayafi, na goya Hajara, wannan da ke rubutu yanzu, tana 'yar wata biyar, na fito zaure. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ƙafafun nan huɗu na same su a wanke tas, an goge su har suna ɗaukar ido, an ɗaure su bibbiyu da igiyar da mahaifinku ke ɗaure tumaki, da irin ƙullinsa. A ƙofar gida kuma ga mai kura yana zaune a kan kurarsa ta dako yana jira. Ban aika a kira shi ba. Ban tambaye shi wanda ya kira shi ba, shi ma bai tambaye ni inda za mu ba. Ya loda, ya tura, ya kama hanyar gidan Alhaji ina biye. Matar aure da rana tsaka, a cikin tsohon gari, tana bin kura, ƙafafun da kowa ya sani suna walƙiya a kai. Masu shaguna suka miƙe tsaye. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba.

Alhaji ya dawo karin kumallo, yana zaure da mutane uku. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya amsa, idonsa a kan kurar.

Ya ce, “Kulu, mi nika gani haka?”

Na ce, “Yaya, kayanka na nik kawo ma. Allah shi saka da alheri. Ba su shiga birkin da za a sa, ni kuwa na rantse ba a kankare ƙarhen nan ina cikin gidan.”

Ya ce, “Shi yat turo ki?”

Na ce, “Bai sani ba. Shina mahauta.”

Wannan ita ce ƙaryar da na yi, kuma na daɗe ina neman gafarar Allah a kanta. Alhaji ya dube ni, ya dubi igiyar da aka ɗaure ƙafafun, ya dubi mutanen da ke zaune. Fuskarsa ta yi baƙi. Ya ce ɗiyar maƙera ta zo ta koya masa ƙarfe a zaurensa. Ya ce a sauke kayan, kyautar da aka mayar ba ta sake fita. Ya ce ni kuma, tunda ƙafa na kawo masa, to tawa ƙafar kada ta ƙara taka gidansa. Daga cikin gida na ji muryar Inna tana salati, tana cewa wace irin ɗiya ce wannan aka kawo musu. Ban shiga na gaishe ta ba. Na juya da goyona.

Kafin azahar labari ya gama mahauta. Mahaifinku ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya yi mini faɗa da murya mai ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji ta kan katanga. Ya ce na ci mutuncinsa, ya ce in tattara in tafi gidanmu sai ya neme ni. Yana faɗa, idonsa yana kan ƙasa. Da na zo wucewa da ƙullin kayana, ya sa hannu ya gyara wa Hajara hularta. Kwana arba'in na yi a maƙera. Yayyena ba su raga mini ba, don su ma sun ji kunya. Ku manya kuna gidan Baffanku a lokacin, a can kuka fara jin sunan da aka sa mini, Mai-mayar-da-alheri.

A cikin kwanakin nan ne mahaifinku da Lasisi suka yi ta yawon neman ƙafa, da zarena a aljihu. Daga baya ya ba ni labarin, yana dariya. Ya ce duk shagon da suka shiga a Sabon Gari, masu kaya na fito da ma'auni na ƙarfe, shi kuwa sai ya zaro zaren kaɗi, a yi ta yi masa ba'a. Na farko da suka samu faɗinsu ya yi, amma ramukan noti ba su hau ba. Na biyu ramuka sun hau, kasko ya shige, amma da aka sauke motar aka murɗa sitiyari sai taya ta riƙa gugar jikin motar. Wani ya ce a buɗa ramin da wuta, wani ya ce a dake jikin motar da guduma, Lasisi ya ce duk wanda ya ƙara kawo dabara ya bar masa garejinsa. Sai a mako na biyar suka samu a jikin wata tsohuwar motar daji da ta mutu a bayan wani gareji. Baƙaƙe ne, masu kauri, duk tsatsa, ɗaya ma da ragowar koren fenti. Aka gitta zare, ƙulli ya zauna daidai, har da wurin iskar. Lasisi ya sa ya ɗauki biyar, ya ce wanda ya canja huɗu ya manta da safaya, ranar da taya ta fashe a daji zai gane bai canja komai ba.

Ran kwana na arba'in da la'asar ina tsakar gidanmu na ji ƙugin da na sani. Na leƙa ta zaure. Ga ta nan tafe, fara sol a sama, ƙasa kuwa kamar an sa wa amarya takalmin soja. Ya taho da ɗan gudu, da gangan, har yayana ya ja da baya. Daidai bakin ƙofa ya taka. Motar ta tsaya cak, kamar an kafe ta da ƙusa. Ya leƙo ta taga, ya dube ni.

Ya ce, “Ya kama. Ɗauko ɗiyarki mu tahi.”

Iyakar bikon da aka yi mini ke nan. An yi wa motar dariya wata da watanni, aka sauya mata suna ta koma Ƙafar Kulu. Amma Alhaji da ƙanensa ko kwana ɗaya ba su yi gaba ba. Teburinsu na nan kusa da juna, kwanonsu ɗaya, Alhaji yana tausaya masa cewa Allah ya haɗa shi da mace mai taurin kai. Ni ce na biya. Shekara goma sha bakwai ban taka gidan Alhaji ba. Aka yi sunaye, aka yi aure, in yi muku wanka in shafa muku mai in tura ku, in zauna ni kaɗai ina jin kiɗan daga nesa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne ciwon ajalin Inna. Matar nan ita ta yi mini wankan jegon fari, da hannunta. Na dama mata kunu na kai har ƙofar gida, na tsaya a waje na ba da aka shigar. Aka dawo mini da kwanon ba a buɗe ba. Ta rasu tana ganina mara kunya. Ranar na ce wa mahaifinku ya faɗi gaskiya ko na huta. Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hannu biyu, ya ce in na ce ya faɗa zai faɗa. Na dubi furfurar da ta fara fito masa, na ce ya bari.

Da Allah ya karɓi ransa, ranar da na fita takaba, aka ce mini Alhaji yana zaure yana sallama da ni. Ya tsufa, yana dogara sanda. A gabansa ga wani murhu na ƙarfe, an yi masa ƙafa uku, wuta ta cinye shi ya yi baƙi. Sai da na duba da kyau na ga ramuka biyar, na ga wani ɗan gefe da har yanzu yake ƙyalli. Ashe tun shekarar ya kai su aka mayar da su murhun gashi, a kansu yake yin balangun da ake layi a saya. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, “Kulu, ni nik koya mai ƙullin igiyar nan. Tun kina durƙushe nig gane shi.”

Na ce, “Yaya, ka sani?”

Ya ce, “Na sani. In da na nuna na sani, da shi za ni yi hushi da shi, ga mutane zaune. Ke kinka ba ni inda za ni aje hushin, ni kuwa nib bar shi nan, don ya hi min sauƙi.”

Na ce, “Shekara sha bakwai, Yaya. Har Inna.”

Ya ce, “Har Inna.” Hawaye ya bi gemunsa. Ya ce, “Ba ni da abin biyanki. Ga guda na kawo miki. Ukun na wurina, in kina so ki taka ki zo ki ɗauka da kanki.”

Ba zan ce muku na yafe a zauren nan ba, don ban yafe ba. Na ɗauki murhun na shiga gida. Sai da aka yi wata biyu, ranar wata Juma'a, na yafa mayafi na tafi. Na shiga da ƙafar dama, na wuce kai tsaye ɗakin da Inna ta zauna, na yi mata addu'a a bakin ƙofa. Ukun kuwa na bar masa, ban ɗauko ba.

To kun ji. Ban faɗi wannan don ku rage ganin girman mahaifinku ko na Baffanku ba. Mutanen kirki ne, kowannensu yana tsoron ya rasa ɗan'uwansa, kuma ba su rasa juna ba har kabari. Ina so dai in jikokina za su ba da labarin, su haɗa da igiyar da mai kura. Motar nan ta yi shekara goma sha huɗu tana sauka gangaren gada da lodi, rani da damina, a cikinta aka kai yawancinku makaranta da asibiti, ba ta taɓa ko akuyar wani ba. Shi ya sa ba ni da wata shaida da zan nuna cewa na yi daidai, don abin da na hana bai faru ba balle a gani. Sai dai ku, da kuke zaune cif, ba wanda ya tashi maraya. Murhun kuma shi ne wannan da ke bakin madafa, wanda Hajara take ta cewa in jefar ta sayo mini na gas. A kansa aka dafa tuwon sunan da aka ce ina da girman kai. In na tafi, kada a sayar wa masu gwangwan. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa in mun taka namu birkin ya kama.